Bitar Shirin Max Weber: Shin Shekara Ɗaya a Fiesole Ta Ishi Sabon Dakta?

Wanda ya kammala digirin digirgir a fannin tsara manufofin gwamnati ko hulɗar ƙasa da ƙasa yakan fito da kundi mai kauri a hannu, amma ba kundin ne jami'o'i suke tambaya ba idan sun tashi ɗaukar malami. Abin da suke so su gani shi ne maƙaloli a mujallun da masana ke tantancewa, ko yarjejeniyar buga littafi da wani kamfanin ɗab'i na jami'a, tare da shaidar cewa mutum ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai ya koyar. Tazarar da ke tsakanin kundin da waɗannan abubuwa ita ce ta haifar da guraben bincike na bayan digirgir, inda wata cibiya take ɗaukar nauyin sabon dakta na ɗan lokaci, ta ba shi teburin aiki da alawus da ɗakin karatu, ta bar shi ya yi rubutu. Shirin Max Weber na Cibiyar Jami'ar Turai, wadda aka fi sani da EUI, yana cikin mafiya girma a wannan sahu a nahiyar Turai, kuma tun da hidima ce ake yi wa mai bincike a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni a rayuwarsa ta aiki, ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna kowace hidima, wato a duba abin da ya yi alkawari, da abin da yake bayarwa, da abin da mai karɓa yake biya ko da ba kuɗi ba ne.

Ita kanta cibiyar ba jami'a ba ce irin wadda aka saba gani. Ƙasashe shida da suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Tarayyar Turai su ne suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kafa ta a 1972, ta buɗe ƙofarta a 1976 a kan tuddan Fiesole da ke kallon birnin Florence na Italiya. Babban gininta, Badia Fiesolana, tsohon gidan ibada ne na Kirista wanda aka sake ginawa a ƙarni na 15 da dukiyar Cosimo de' Medici. Ba ta da ɗaliban digiri na farko ko ɗaya. Tana da sassa huɗu, wato tattalin arziki, tarihi, shari'a, da kimiyyar siyasa da zamantakewa, sai Cibiyar Robert Schuman mai nazarin manufofi, da makarantar nazarin mulkin da ya ƙetare iyakokin ƙasashe wadda aka kafa a 2017. An fara shirin Max Weber a 2006 da kuɗin Hukumar Tarayyar Turai, masanin tattalin arziki Ramon Marimon ne ya fara jagorantarsa, daga baya masanin falsafar siyasa Richard Bellamy ya karɓa a 2014.

Sharuɗɗan shiga ba su da sarƙaƙiya. Ƙofa a buɗe take ga ɗan kowace ƙasa, muddin bai wuce shekara biyar da karɓar digirgir ba, kuma ana ɗaga wannan wa'adi ga wanda haihuwa ko rashin lafiya ko aikin soja na dole ya dakatar da shi. Ana rufe karɓar takardu a watan Oktoba, a fara aiki ranar 1 ga Satumbar shekara mai zuwa, kuma dole ne mutum ya tare a yankin Florence. Masu nema sun sha haura dubu ɗaya a shekara, alhali waɗanda ke cikin shirin a lokaci guda ba su cika wuce hamsin zuwa sittin ba, har da waɗanda suke shekararsu ta biyu. Wannan ya isa ya nuna cewa rashin samun gurbin ba hukunci ba ne a kan ingancin aikin mutum.

Inda shirin ya yi wa takwarorinsa fintinkau shi ne wajen koyar da sana'ar malanta ita kanta. Yawancin guraben bincike suna miƙa wa mutum makullin ofis ne su bar shi da halinsa, bisa zaton cewa wanda ya iya rubuta kundi zai iya sauran. Wannan zato kuwa ba gaskiya ba ne, domin akwai masu bincike na ƙwarai da ke rasa aiki saboda ba su iya bayyana aikin shekara biyar cikin minti arba'in ba, ko kuma sun rubuta neman kuɗin bincike kamar suna rubuta babin kundi. A Fiesole an mayar da waɗannan abubuwa darasi. A makonnin farko kowane ɗan shirin yakan tsaya gaban 'yan uwansa ya gabatar da bincikensa, a ɗauke shi a bidiyo, sannan ya zauna da ƙwararru kan iya gabatarwa su kalla tare. A nan ne mutum yake ganin kansa yana magana da allo maimakon jama'a, yana cinye rabin lokacinsa wajen jero sunayen waɗanda suka riga shi rubutu a kan batun, har lokaci ya kusa ƙarewa bai faɗi abin da shi ya gano ba. Masanin shari'a da ke zaune a layin gaba ya ɗaga hannu ya tambayi masanin hulɗar ƙasashe abin da yake nufi da wata kalma da duk 'yan fanninsa suke furtawa ba tare da sun tsaya sun fassara ta ba, shi kuma ya tsinci kansa yana kame-kame. Babu daɗi a lokacin, amma gara mutum ya yi wannan tuntuɓe a gaban abokai da ya yi shi a gaban kwamitin da ke riƙe da aikin da yake nema.

Bayan wannan akwai ƙananan ƙungiyoyin rubutu da ke karanta wa juna daftari, da gwajin ganawar neman aiki inda malamai ke zama a matsayin kwamiti, da horo kan rubuta neman kuɗin bincike, da takardar shaidar koyarwa ga wanda ya bi darussanta. Ana kuma sa ran kowa zai fitar da maƙala da za a ajiye a Cadmus, ma'ajiyar bincike ta cibiyar da ke buɗe ga kowa a intanet. A ganina wannan ɓangare shi ne ainihin hajar da shirin yake sayarwa, kuma wanda ya fito daga jami'ar da ba ta da al'adar shirya ɗalibanta domin neman aikin malanta shi ne zai fi kowa cin moriyarsa. Wanda ya fito daga manyan sassan jami'o'in Amurka, inda ake yin irin wannan atisaye tun kafin a kare kundi, zai ga maimaici a ciki, kuma yana da hujja idan ya yi ƙorafin cewa tarurrukan suna gutsure masa lokacin rubutu. Shirin ba ya barin mutum ya kulle kansa a ɗaki, kuma wannan alheri ne ga wasu, takura ce ga wasu.

Ɗakin karatun cibiyar na kimiyyar zamantakewa yana cikin na gaba-gaba a Turai. Ga mai nazarin yadda Tarayyar Turai ta ƙulla hulɗarta da sauran duniya kuwa, akwai wata taska a kusa, wato ma'adanar takardun tarihi ta Tarayyar da ke Villa Salviati, inda ake buɗe takardun hukumominta bayan sun cika shekara 30.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Babbar matsalar tana cikin kalanda, kuma ita ce ya kamata mai nema ya fi zura wa ido. Tsawon gurbin shekara ɗaya ne ko biyu, gwargwadon sashen da mutum ya shiga, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin da ya wuce lissafin watanni. A ɗauki wanda ya sauka a farkon Satumba da wata goma sha biyu a hannunsa. Jami'o'in Amurka da ke neman malaman kimiyyar siyasa sukan rufe karɓar takardu tsakanin Satumba da Oktoba, masu neman masana tattalin arziki sukan rufe a Nuwamba su yi ganawa a Disamba da Janairu, sauran guraben bayan digirgir kuma, har da shi kansa shirin Max Weber, a kaka ɗin nan suke rufewa. Ma'ana, tun kafin sabon ɗan shirin ya gama sanin motar da ke hawa tudu zuwa San Domenico, unguwar da cibiyar take, ya riga ya koma rubuta wasiƙun neman wurin da zai je a Satumba mai zuwa, kuma da takardar tarihin aikin da ya zo da ita yake nema, ba a ƙara mata komai ba sai sunan cibiyar. Maƙalar da ya aika wa mujalla a Oktoba za ta yi watanni a hannun masu tantancewa, ta dawo da gyare-gyare, ya sake aikawa, kuma ba abin mamaki ba ne a karɓe ta bayan ya riga ya kwashe kayansa daga Italiya. Amfanin shekarar yana zuwa, amma yana zuwa ne bayan kasuwar ta watse.

Wanda ya samu shekara biyu yana cikin wani hali daban. Zai iya ƙyale kakar farko ta wuce, ya zauna ya mayar da kundinsa littafi ko maƙaloli biyu zuwa uku, ya bi horon a natse, sannan ya fita neman aiki a kaka ta biyu da abin nunawa. Duk horon da na yaba a sama, a kan wannan mutumin ne yake yin cikakken aiki. Saboda haka, idan aka tambaye ni darajar shirin, amsata ta rabu biyu ne: na shekara biyu gurbi ne da ke sauya makomar mai bincike, na shekara ɗaya kuwa masauki ne mai kyau a kan hanya, wanda ke ɗage matsalar zuwa baɗi tare da ƙara wa mutum ƙwarewa da abokan aiki.

Adalci ne a faɗi cewa wannan ciwo ba na Fiesole kaɗai ba ne. Guraben Cibiyar Belfer ta Makarantar Kennedy da ke Harvard na wata goma ne, na cibiyar nazarin tsaro ta CISAC da ke Stanford kuma daga wata tara zuwa goma sha ɗaya. Waɗanda suka warware matsalar su ne irin su Harvard Academy, wadda aka kafa a 1986 domin masu nazarin yankunan duniya, da ke ba da shekara biyu cikakku ga mutane ƙalilan a kowace shekara, da kuma tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, wanda ke kaiwa wata 24 kuma yake karɓar wanda bai wuce shekara takwas yana bincike bayan digirgir ba. Dalilin da ya sa cibiyoyi suke son gajeren wa'adi a fili yake, domin da kuɗin mutum ɗaya na shekara biyu za a iya kawo mutum biyu, jerin tsofaffin 'yan shiri ya ƙara tsawo, rahoton shekara ya yi kyau. Mai biyan farashin shi ne wanda ke tattara iyalinsa daga wannan ƙasa zuwa waccan duk bayan wata goma sha biyu.

Maganar iyali ta kawo mu ga kuɗi. Shekaru da yawa alawus ɗin ya tsaya a Yuro 2,000 a wata kafin a yi masa ƙari, kuma akwai ƙarin alawus ga mai aure da mai 'ya'ya, da kuɗin tafiya, da ɗan abin halartar taruka. Ga mutum ɗaya wannan yana riƙe rai ba tare da wahala ba, amma Florence gari ne da masu yawon buɗe ido suka mamaye, gidaje da yawa sun koma na haya ta 'yan kwanaki, don haka kaso mai tsoka na alawus ɗin a hannun mai gida yake ƙarewa. Abu na biyu da ba a cika lura da shi ba sai daga baya shi ne cewa wannan tallafi ne, ba albashin ma'aikaci ba, don haka ba ya tara wa mutum fansho yadda kwantiragin aiki yake yi. Tallafin Marie Skłodowska-Curie ya fi shi ta wannan fuska, domin jami'ar da ta karɓi mutum tana ɗaukarsa ne a matsayin ma'aikaci da duk haƙƙoƙinsa. Ga mai shekara talatin da 'yan kai wanda ya riga ya shafe shekarun digirgir a kan tallafi, ƙarin shekara biyu a wajen tsarin fansho ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma tambayar da ta shafi masu nazarin manufofi musamman, wato kusanci da masu yanke shawara. A nan Belfer, wadda Paul Doty ya kafa a 1973, tana da abin da Fiesole ba ta da shi. Graham Allison, wanda ya taɓa riƙe muƙami a ma'aikatar tsaron Amurka, ya jagorance ta daga 1995 zuwa 2017, sannan Ashton Carter ya gaje shi kai tsaye bayan ya sauka daga kujerar sakataren tsaro. A wuri irin wannan, sabon dakta yana zama a semina ɗaya da mutanen da suka riƙe ragamar abin da yake nazari, kuma ana matsa masa ya rubuta gajerun takardu da jami'in gwamnati zai iya karantawa a zama ɗaya. Haka ma guraben Stanton na nazarin tsaron nukiliya, waɗanda ake bayarwa a Harvard da Stanford da MIT da wasu cibiyoyi, sun ɗora wa mai gurbi fitar da rubutun da ke da amfani ga masu tsara manufa. Shirin Max Weber ba a kan wannan aka gina shi ba. Malaman jami'a yake ƙerawa, ma'auninsa na nasara kuma shi ne yawan waɗanda suka samu kujerar koyarwa da bincike. Wanda burinsa ya shiga ma'aikatar harkokin waje ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ko cibiyar ba da shawara zai ga cewa horon yana tura shi wata hanya daban.

Wannan ba ya nufin tudun ya yanke daga duniya. Cibiyar Robert Schuman tana ɗauke da sashen nazarin manufofin ƙaura, da shirin nazarin tafiyar da al'amuran duniya, da makarantar Florence ta dokokin sa ido kan makamashi da sufuri da sadarwa, inda jami'an hukumomi suke zuwa ɗaukar horo. Tun daga 2011 cibiyar ta riƙa shirya babban taro a watan Mayu kan halin da Tarayyar Turai take ciki, wanda shugabannin hukumominta da na ƙasashe suka sha halarta. Mai nazarin manufofi da ya nemi a haɗa shi da Cibiyar Schuman, maimakon ɗaya daga cikin sassa huɗun, zai fi kusa da wannan zirga-zirga. Amma ya sani cewa manufofin da ake tattaunawa a can, mafi yawansu na Brussels ne, wato mazaunin manyan hukumomin Tarayyar Turai. Mai nazarin ƙaura zuwa Turai, ko cinikayyar Tarayyar da sauran yankuna, ko dokokinta na fasahar zamani, ya faɗo gida. Mai nazarin dangantakar Indiya da China, ko siyasar tsaro a Kudancin Amurka, zai samu masu sauraro masu kaifin basira, amma zai yi wuya ya samu mutane da yawa da suka san rumbun bayanan da yake aiki da su.

Shi ya sa batun malami mai jagora ya fi nauyi a nan fiye da yadda ake zato. Ana haɗa kowane ɗan shirin da farfesa guda, kuma da yake malaman cibiyar ba su da yawa, sannan a kan kwantiragi mai wa'adi suke ba na dindindin ba, wanda mai nema ya gani a jerin sunaye lokacin da yake cike takarda a Oktoba zai iya kasancewa yana shirin tafiya kafin Satumba. Jagoran da aikinsa ya yi kusa da na mai bincike zai karanta daftari da alƙalami a hannu, ya rubuta wasiƙar shaida mai nama, ya ɗaga waya ya kira abokinsa a wata jami'a. Wanda aikinsa ya yi nisa zai yi kirki, ya sha shayi da mutum sau ɗaya a wata, ya rubuta wasiƙar da kwamitoci ke gane cewa ta ladabi ce tun daga layin farko. Tsarin bai iya tabbatar da na farkon ba, kuma babu wani shiri a duniya da ya iya.

Rashin ɗaliban digiri na farko ma yana da nasa tasiri. Yana kare ɗan shirin daga tulin takardun jarrabawa da ke cinye lokacin sababbin malamai a wasu wurare, amma kuma yana nufin cewa koyarwar da ake horar da shi a kai ba ta da ajin gwaji a cikin gida. Shirin ya riƙa cike wannan giɓi ta hanyar tura masu sha'awa su yi gajeren gwajin koyarwa a jami'o'in haɗin gwiwa, irin su Pompeu Fabra ta Barcelona da Humboldt ta Berlin. Dabara ce mai kyau, sai dai 'yan kwanaki a ajin wani ba su kai zangon karatu guda da mutum ya tsara darasinsa, ya koyar, ya yi jarrabawa, ya ji koken ɗalibai ba, kuma kwamitin ɗaukar malami a jami'ar da ta fi ba koyarwa muhimmanci ya san bambancin.

Wani abin lura shi ne cewa mutumin da aka sa wa shirin sunansa ya riga ya yi magana a kan wannan hali. A laccar da ya gabatar wa ɗalibai a Munich a 1917, Max Weber, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya bayyana neman aikin malanta a jami'a a matsayin caca, inda sa'a take taka rawar da ba ta gaza ta cancanta ba, ya kuma gargaɗi matasa da su tambayi kansu ko za su iya jure ganin an fifita waɗanda ba su kai su ba, shekara bayan shekara. Shirin bai kawar da cacar ba, amma ya koya wa 'yan wasa ƙa'idojinta, har ya kafa wani sashe da ke tattara bayanai kan yadda ake ɗaukar malamai da ƙarin girma a ƙasashe daban-daban, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda zai nemi aiki a Jamus da Birtaniya da Sifaniya a kaka ɗaya, alhali kowacce tana da nata tsani.

Ga wanda ya yanke shawarar nema, abu na farko da zai duba a sanarwar shekarar shi ne tsawon wa'adin da sashensa yake bayarwa, domin a kansa ne zai gina takardar bincikensa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zana sabon gagarumin aiki na shekara biyar ya ce zai yi shi cikin wata goma sha biyu, alhali masu tantancewa sun fi kowa sanin kalandar. Takardar da ta fi gamsarwa ita ce wadda ta ce ga maƙalar da za ta fito daga babi na uku na kundi, ga mujallar da za a aika mata, ga watan da za a aika, ga kuma farfesan cibiyar da aikinsa ya haɗu da wannan, da dalilin haɗuwar. Idan wa'adin shekara ɗaya ne, yana da kyau mutum ya isa Fiesole da maƙala aƙalla guda da ta riga ta shiga hannun masu tantancewa, da wasiƙun neman aikin kaka a rubuce tun a watan Agusta, ta yadda makonnin Satumba za su tafi a kan horon da ya zo dominsa.